Hattara da mai tallar littattafan sojoji "na gado"

Jama'a, musamman masu wasan yaƙi da ƙananan sojojin roba a kan tebur, da dattawanmu da suka yi lakkol zamanin da ake samun littattafan nan masu zanen kakin soja: akwai wani mutum da ke yawo a rukunonin WhatsApp na Maradi yana tallar tsofaffin littattafan Liliane da Fred Funcken, mata da miji masu zane 'yan Beljiyam. Kada wanda ya tura masa ko dala.

Labarinsa ɗaya ne kullum. Wai kawunsa tsohon soja ne, ya rasu ya bar kwali guda, iyali na son kuɗin sadakar arba'in. Yakan nemi rabin kuɗi tukuna, jika goma ko sha biyar, wai zai ba direba saƙon a tasha. Wasu shiru suka ji, lambar ta daina shiga. Wanda saƙonsa ya iso kuwa, fotokofi mai kala ya samu, an shafa wa gefen takardun ruwan shayi don su yi kamar sun sha shekaru.

Mutumin ya san inda ke mana ƙaiƙayi. Duk wanda ya taɓa buɗe littafin Funcken yana yaro, ya ga dakarun Napoleon ko sojojin yaƙin 1914 zuwa 1918 a jere, kowa da hularsa da maɓallansa, da wuya ya ga hoton bangon bai kai hannu aljihu ba. Masu fentin ƙananan sojojin wasa ma har yau daga nan suke ɗaukar launi.

Amma ƙaryar ba ta da wuyar kamawa. Kamfanin Casterman na Beljiyam ne ya buga littattafan na asali da Faransanci a shekarun 1960 da 1970, da bango mai tauri. Shi kuwa nasa ɗaurin masu fotokofi ne. Abin dariya, littafin da ya ce bugun 1968 ne yana ɗauke da lambar littafi mai alƙaluma 13 a baya, alhali sai a 2007 aka koma irin wannan lamba. Ya kwafo bayan wani littafin ya manna, bai ko duba ba.

In ya tuntuɓe ku, ku ce ya zo da littafin Babbar Kasuwa da rana, a buɗe, a duba, sannan a yi ciniki. Waɗanda ya riga ya ci wa kuɗi, ku adana rasiɗin turawa da saƙonnin muryarsa, ku kai komisariya tare, don ƙorafin mutum ɗaya bai cika yin nauyi ba.