Lambar da ke kusurwar allo ba ta isa gargaɗi ba

Idan hoto mai kyau da sauri kawai ake nema, manhajar kallon da muke biya duk wata a gidanmu nan Jidda ta ci kuɗinta. Ba ta tsinkewa ko bayan tarawihi, lokacin da kowa a benen ya hau intanet. Ana iya sauke shiri a waya a kalla a mota in za a tafi Makka. Akwai wasannin Masar da na Sham da na ƙasashen Khalij, wato yankin Gulf, ga na Turkiyya da aka juya zuwa Larabci, ga ɓangaren yara da ake kullewa da lambar sirri. Duk wannan na yaba. Ba zan kama sunanta ba, mai biya zai gane tasa.

Inda ta gaza shi ne gargaɗi, kuma a kansa zan tsaya.

Da ka danna shiri, wata 'yar lamba za ta leƙo a kusurwar sama, ta shekarun da suka dace da kallo. Kafin ka ajiye kofin shayi ta ɓace. Lambar nan ɗaya ce tun daga kashi na 1 har na 30, ko a kashin biki ake yi ko makoki. A bayanin shirin kuwa sai ka ga an rubuta "wasan iyali", da layi biyu: uba attajiri, 'ya'ya maza uku, rikicin gado. Shi ke nan.

Ba wai lambar banza ce ba. Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a ƙasar nan a Afrilun 2018 mutane suka saba da su PG12 da R15 da R18, kuma a ƙofar sinima suna aiki, don yaron da bai kai shekarun R15 ko R18 ba ba zai shiga ba. Amma lambar tana amsa tambaya guda ce: shekarunka nawa? Ba ta gaya maka me za ka gani. Kamar kwalbar magani ce da aka rubuta wa "na manya" ba a faɗi abin da ke ciki ba. Kuma wasan iyali ya fi kowane irin shiri yaudara ta nan. Wanda ya kunna fim ɗin yaƙi ya san abin da ya saya. Wasan iyali kuwa shi ne ake kunnawa falo cike, tsohuwa da jika da baƙuwa, ana cin sambusa, kowa ya saki jiki.

A gidanmu wadda ke buƙatar gargaɗi ba yarinya ba ce. Goggo ce, ƙanwar mahaifin maigidana, wadda ta haura saba'in. A Umdurman ta yi rayuwarta, kamar dubban Hausawan da kakanninsu suka yada zango a Sudan a hanyar Hajji. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, shi ya fito da ita, ta bi ta Bur Sudan ta iso wurinmu. Ba ta ba da labarin hanya, mu ma ba ma tambaya. Abin da take so shi ne ta dafa jabanarta, wato kofi irin na Sudan, da citta, ta zauna a ƙasa ta jingina da kujera, a kunna mata wasan da ake rigima da suruka. Larabcinta ya fi nawa, har ita ke fassara mini habaicin Misirawa.

Wasan da muka bi a azumin da ya wuce haka ya faro, da kishi da gulma da ɗan auta shagwaɓaɓɓe. Goggo har ta zaɓi wadda take goyon baya, matar babban wa. Can wajen tsakiyar wasan, ba wani alami, sai ga dare, ana dukan ƙofar gidan da gindin bindiga. Mutanen da ɗan autan ya ci wa bashi ne. Suka ɓalle ƙofa, suka jawo uban a gaban matansa, aka yi harbi sama. Sautin manhajar nan yana da kyau ƙwarai, abin da na yaba a baya, ranar kuwa shi ya yi ɓarnar. Goggo ba ta yi ihu ba. Ta ajiye ɗan kofinta a kife, ta ja mayafi ta rufe kai, ta miƙe ta shiga kicin. Na bi ta na tarar tana wanke kofunan da na riga na wanke, ruwa na zuba, hannunta na rawa.

Na ce, "Goggo, a kashe ne?"

Ta ce, "A'a 'yar nan, ku yi kallonku. Ni dai haka suka buga tamu."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan daren. Har sahur tana zaune da carbi.

Da an rubuta layi ɗaya a farkon kashin, "akwai harbi da kutsawa gida da dare", da na ce mata yau a tsallake, na ba ta labarin da baki washegari. Lambar shekarun kuwa daidai take, ba ta yi ƙarya ba. Goggo ta wuce ta da shekara hamsin da ɗoriya.

Na lura masu tace finafinai, a nan ko a gida, idonsu ya fi zuwa kan abin kunya: sutura, rawa, runguma, baƙar magana a kan addini. Hukumar tace finafinai ta Kano ma, da aka kafa a 2001, a kan irin waɗannan aka fi jin ta. Ban ce kada a yi ba. Sai dai abin da ke ba mutum kunya a gaban surukinsa daban, abin da ke fama masa ciwo daban. Za a yanke sumba tsaf, a bar mace kwance cikin jini ta yi ɓari, kyamara na kanta minti biyu ana kiɗan tausayi. Wannan ma yana cikin wasan nan, kuma maƙwabciyata da ta rasa ciki wata biyu kafin azumi ta gan shi ita kaɗai, mijinta yana wurin aiki. Akwai kuma kashin da miji ya rufe ɗaki ya lakaɗa wa matarsa duka da bel. Aka gama, sunayen 'yan wasa suka hau, kashi na gaba ya fara ƙirga daƙiƙa. A Saudiyya, ƙasar da ke da dokar kariya daga cin zarafi tun 2013, da layin 1919 na kai ƙarar cin zarafi a cikin gida, da 116111 na yara, me zai hana a sa lambar a ƙarshe? BBC kan sanar da inda za a nemi taimako bayan shiri irin wannan. A Ingila ma ba a sa abin da ya fi ƙarfin yara a talabijin kafin ƙarfe 9 na dare, ko da yake wannan dabarar ba za ta yi mana aiki ba, don a Jidda cikin azumi ƙarfe 9 yara ko hamma ba su fara ba.

Maigidan bai yarda da ni duka ba. Cewarsa gargaɗi yana kashe daɗin labari, in an gaya maka za a yi harbi to me ya rage? Ya ƙara da cewa mu da aka rena da tatsuniyar Dodo mai cin 'yan mata ba mu lalace ba. Na ce, "Malam, mai tatsuniya tana kallon fuskar jikokinta. In ta ga ɗaya ya fara ƙanƙame zane, ta san inda za ta sassauta. Allo ba ya ganin kowa." Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai kada a tona masa ƙarshen wasa. Nan yana da gaskiya, kuma maganinsa mai sauƙi ne: a ɓoye bayanin a bayan maɓalli, mai so ya danna, wanda ba ya so ya wuce. Ni ba na neman a wanke wasa ya zama fari fat. Wasan iyalin da babu mutuwa, babu saki, babu cin amana, ba iyalin kowa ba ne, kuma kashin dukan nan ya sa mata a zaurenmu na WhatsApp sun faɗi abin da suka daɗe suna haɗiyewa.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne tallan da ke kunna kansa. Kana cikin neman shiri, ka ɗan tsaya a kan wani hoto, sai ya fara motsi da sauti, kuma wurin da ya fi hayaniya suke zaɓa: mari, ihu, ƙarar bindiga. Ko lambar shekarun ba ta riga ta fito ba. Yanzu sai na rage murya gaba ɗaya kafin in buɗe manhajar in Goggo na falo.

Na rubuta musu. Amsar ta zo da wuri, cikin ladabi, da godiya mai yawa, aka ba ni shawara in yi amfani da ɓangaren yara. Wato in zaunar da dattijuwa mai jikoki a gaban zanen kuliyoyi masu magana.

Don haka aikin ya dawo kanmu. Da rana, in na ɗora tukunya, sai in bi kashin daren a waya ina tsallakawa da yatsa, in ga ko akwai abin kaucewa. A zauren matan unguwa kuma mun mayar da shi al'ada: wadda ta riga gani sai ta rubuto, "na yau akwai asibiti wajen ƙarshe", ko "akwai gawa, masu sabon rashi a kula". Ba a faɗin wa ya mutu. Wata 'yar Kassala ta Sudan a cikinmu ita ta fi kowa ƙoƙari, har minti take rubutawa, ta ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Na sabunta biyan wannan watan, don yaran suna son nasu ɓangaren, Goggo kuma ta ce sai ta ga ko matar babban wa za ta samu gadonta a zango na biyu. Ga mai zaman kansa, ko gidan da yara ƙanana ne kawai abin tsaro, manhajar ta isa. In kuwa akwai wanda ya fito daga yaƙi a gidanku, ko mai sabon rashi, ko wadda ta baro gidan duka, ku sa a lissafi cewa ban da riyal ɗin wata akwai wanda zai riƙa kallon kowane kashi sau biyu.