Bindigata Mai Baki Biyu 'Yar Turkiyya: Abin Da Ta Yi Mini A Fadamar Dadin Kowa

Abokan farauta a Gombe sun dame ni da tambaya kan bindigar nan mai baki biyu a jere, lamba 12 a girman ramin baki, 'yar Turkiyya, wadda na saya da lasisina tun kafin 'yan sanda su sanar da dakatar da ba da sabon lasisi a 2023. Masu zuwa shagon da na saye ta sun san irinta, sun kuma san kuɗinta, ita ce mai zanen furanni a jikin ƙarfe. To ga amsa, kowa ya karanta ya huta.

Abin da ya ja ni gare ta rashin nauyi ne. Mai bin zabbin daji da makwarwa a gonakin dawa bayan girbi ya san tafiya ta fi harbi yawa, tun asuba kana ƙafa har rana ta take. Ita kuwa nauyinta bai wuce kilo uku da 'yan kai ba, tana hawa kafaɗa da kanta. Kunamarta biyu, ta gaba ta bakin dama mai baza ƙwayoyi, ta baya ta bakin hagu mai matse su. Idan makwarwa ta tashi a gabanka sai ka ja ta gaba, idan zabo ya riga ya yi nisa sai yatsa ya koma baya. Wannan tsari na so ƙwarai, har gobe ina sonsa. Kakar farko ban ga aibunta ba, na yi ta yabonta a majalisa.

A kaka ta biyu ne ta nuna mini halinta. Mun fita da Kawu da ɗansa wajen fadamar da ke ƙasa da madatsar ruwan Dadin Kowa, hunturu ya sauka, hazo ko'ina. Garken zabbi ya tashi daga cikin karan dawa, na ɗaga, na yi bisimilla, na ja kunamar gaba ita kaɗai. Sai baki biyun suka tashi tare. Ƙarar ta toshe mini kunne, gindin bindigar ya doke ni a kafaɗa da kunci har na ja da baya taku biyu, kariyar kunama ta fasa mini yatsan tsakiya. Harsashi mai giram 32 ne a kowane baki, ka ga giram 64 na dalma suka fita lokaci guda daga bindigar da aka yi ta don ta yi sauƙin ɗauka. Da na buɗe ta, ga kwanson biyu duk sun fashe, hayaƙi na fita ta kowane rami.

Kawu ya karɓe ta bai ce komai ba, ya cire kwanson, ya rufe ta ba harsashi, ya cire makullin tsaro, ya bubbuga gindinta da tafin hannu. Muna tsaye muka ji ƙas, bakin hagu ya saki da kansa ba wanda ya taɓa kunama. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ba za ta sake shan harsashi ba yau. Da a kan kunya ka yi tuntuɓe fa, yaron nan yana gabanka?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Ciwon kafaɗa ya warke cikin mako, amma wannan maganar har yau tana raina.

Na mayar da ita shago, a nan ne raina ya ƙara ɓaci. Na ce, "Alhaji, kayanka na tashi baki biyu da ja ɗaya." Ya ce harsashina ne ya yi ƙarfi. Na nuna masa kwalin, tsawon kwanson harsashin milimita 70 ne, daidai da abin da aka buga a jikin ƙarfen. Sai ya koma cewa ƙurar hunturu ce ta shiga. To wace bindiga ce za ta yi aiki a Gombe ba ta sha ƙura ba? Daga ƙarshe ya ce an sayar an gama, sai dai in nemi mai gyara. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Mai gyaran da ke da izini ya buɗe ta a gabana, ya nuna mini ɗan ƙarfen da ke riƙe gudumar da ke dukan harsashi har sai an ja kunama. Na ɓangaren hagu bakinsa ya riga ya cinye, ya yi sulɓi, riƙon da yake yi bai fi kaurin farce ba. Ya ce ba a ƙona ƙarfen ya yi tauri yadda ya kamata ba, shi ya sa girgizar harbin dama kaɗai ke isa ta kuɓutar da shi. Ga kuma ɓarɓashin ƙarfe da aka bari a ciki tun daga masana'anta, ya cakuɗe da mai ya zama baƙin kwaɓi. Duk kwalliyar tana waje, cikin kamar an yi shi da gaggawar ranar kasuwa.

Bayan gyara, gaskiya ta dawo hayyacinta. Na gwada ta a jikin kwali daga nisan mita 30, bakunan biyu suna zuba wuri ɗaya, rashin hakan ne ake yawan kuka da shi a masu araha, ita ba ta da wannan matsalar. Da harsashi mai ƙananan ƙwayoyi, lamba 6, tana ɗaukar hasbiya da makwarwa tsaf ba ta lalata nama, zabo kuwa sai lamba 4, mai ƙwayoyin da suka fi girma, saboda taurin gashinsa. Ranar da na saukar da zabbi biyu a tashi ɗaya, dama sannan hagu, na ji kamar in yafe mata komai.

Sai dai ban iya ba. Duk sanda zan rufe ta da harsashi a ciki sai na ji gabana ya faɗi, ina juya bakinta ƙasa nesa da kowa ina jiran ƙara. Yanzu kuma wani siririn tsagu ya fito a wuyan katakon, daidai inda ya haɗu da ƙarfe, mai gyara ya ce dukan ranar nan ne ya jawo shi. Kayan gyaranta babu a Gombe, babu a Bauchi, ƙarfen da aka sa mini ma gyara tsohon aka yi. Ita kuwa bindigar Kawu, Baikal ƙirar IJ-43 ta garin Izhevsk a Rasha, ta girme ɗansa, launinta ya koɗe, ta fi tawa nauyi, amma bai taɓa kai ta wurin kowa ba sai shafa mai.

Abin da ya fi ci mini rai, lasisi da lambar shaidar da ke jikin bindiga yake tafiya. Ba waya ba ce da za ka sayar a kasuwa gobe ka ɗauko wata, ga shi sabon lasisi ya zama abin da ya zama. Wannan ita ce a takardata, da ita zan zauna. Wanda ke da izini kuma yake kallon irinta, kafin ya biya ya sa a rufe ta ba harsashi, a cire makullin tsaro, a bubbuga gindinta a gabansa, sannan ya nemi a buɗe masa cikin ya gani da idonsa. Idan mai shago ya ƙi, ya kama hanyarsa. Ni dai ɗan Kawu ya roƙe ni aron ta wannan kakar, na hana shi.