Takunkumi ko tanti: wanne ke kai mai gudu kan tsauni yana Sakkwato?

Ƙanena, ka ce kana shirin gudun fanfalaki na Legas, kana atisaye a filin wasa na Giginya, kuma kana so ka samu irin ƙarfin da 'yan Kenya ke samu a tsaunukansu ba tare da ka bar gida ba. Shi ne kake tambaya: takunkumin nan mai bawul da ake talla a intanet za ka saya, ko ka yi ta tara kuɗi har ka mallaki tantin da ake kwana a ciki?

A taƙaice, takunkumi ba ya kai ka ko'ina. Tanti yana aiki, amma a garin nan zai wahalar da kai.

Sakkwato tana kusan mita 300 ne sama da teku, garin Iten na Kenya kuwa kusan mita 2,400. Nan da can duk oksijin kashi 21 cikin 100 ne na iska, sai dai a can sama iskar ba ta da kauri, kowane numfashi kaɗan yake shigo da shi. Idan mutum ya daɗe a haka, ƙoda takan ƙara fitar da wani sinadari mai suna EPO, shi kuma ya sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Wannan ƙarin jinin ake nema, kuma aikin makonni ne.

Shi takunkumi hanyar iska kawai yake matsewa. Iskar da ke wucewa ta cikinsa ta Sakkwato ce, oksijin ɗinta cikakke. Kamar ka naɗe hanci da baki da rawani ranar hazo ka fita gudu ne: za ka yi haki, amma ba ka hau tsauni ba. A 2016 masu bincike a jami'ar Wiskonsin ta Amurka sun sa matasa atisayen keke na mako 6, wasu da takunkumi wasu babu, kuma ba a ga ƙarin jini ga masu takunkumin ba. Abin da yake yi shi ne horar da tsokokin numfashi. Illarsa ga mai dogon gudu a fili take: ranar da ya kamata ka yi gudu mai sauri, numfashi zai tsayar da kai tun ƙafafu ba su gaji ba. Arha gare shi, shi ya sa yake tafiya a kasuwa.

Tanti wani abu ne daban. Akwai inji a wajen tantin da ke tace iska, ya rage mata oksijin zuwa kusan kashi 15, ya turo ta ciki ta tiyo, sai jiki ya ɗauka yana wajen mita 2,500. Tushen dabarar binciken Levine da Stray-Gundersen ne na 1997, inda masu gudu suka zauna a mita 2,500, suna saukowa mita 1,250 su yi atisaye mai zafi, tsawon mako 4, kuma suka rage kusan daƙiƙa 13 a gudun mita 5,000. Wato ka zauna a sama, ka yi gudu a ƙasa, kuma zaman saman ne tanti ke kwaikwaya. Hukumar WADA mai yaƙi da shan haramtattun magunguna a wasanni ta tattauna haramta tantin a 2006 amma ba ta haramta ba, don haka ba a ɗauke shi haramtaccen magani ba.

Abin da 'yan talla ba sa son faɗa shi ne yawan awannin. Masana suna maganar awa 12 zuwa sama a kullum, mako 3 zuwa 4, kuma ƙiyasin da aka saba shi ne jini ya ƙaru da kusan kashi 1 cikin 100 a duk awa 100. Mai kwana awa 8 na wata guda ya tara awa 240 ke nan. Ka yi lissafin da kanka. Kuma ba kowane jiki ke karɓa ba.

Yanzu ka kawo tantin nan ɗakinka a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kowa ya fito da tabarma tsakar gida. Kai kuma kana cikin roba a zuge, inji na ruri yana ƙara wa ɗaki zafi. Sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da tsayayyiyar wuta. Aka ɗauke wuta cikin dare, iska ta daina shiga, dole ka farka ka buɗe. Ka tayar da janareta kusa da ɗaki, hayaƙinsa ma halaka yake yi. Ɗan wasan da bai yi barci ba kuwa, ko jininsa ya ƙaru, ƙafarsa ba za ta ɗauke shi da asuba ba. Kuɗin tantin da injinsa dubban daloli ne, ban da mai ko sola.

Kafin duk wannan ka san rukunin jininka. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila, kuma ƙarancin oksijin yana iya taɓa saifar mai AS. Mai sikila kada ma ya kusanci tantin. Ka sa a duba maka sinadarin ƙarfe a jini, domin idan ya yi ƙasa ɓargo ba shi da kayan aiki. Wanda zazzaɓin cizon sauro ke kayarwa duk damina, gidan sauro zai fi tanti kare masa jini.

Da kuɗin a hannuna suke, Filato zan tura ka. Jos kusan mita 1,200 ce, Mambila ta jihar Taraba wajen 1,600, duk ba su kai mita 2,000 da ake so don ƙarin jini ba, kada wani ya ruɗe ka. Amma akwai sanyi, akwai hawa da gangara, ga abokan gudu, domin daga Filato yawancin gwanayen dogon gudu na ƙasar nan ke fitowa.

Sannan Legas da za ka je a bakin teku take, zafi da gumi ne abokan gaba a can. Sabawa da gudu cikin zafi na kwana 10 zuwa 14 yana ƙara ruwan jini, ya sa gumi ya riƙa fita da wuri, kuma wannan ba sai ka saya ba a Sakkwato. Ka bar gudu mai sauri a bayan sallar asuba, ka sa sassarfa mai sauƙi bayan la'asar, da ruwa a hannu. Ka ji jiri ko ciwon kai, ka tsaya nan take ka nemi inuwa.