Batir ne ko altaneta?

Mota ta ƙi tashi da safe, kowa sai ya ɗora wa batir laifi. Wani lokaci shi ne: fitila ta dusashe, ham ya shaƙe, ka murɗa makulli sai ƙas-ƙas. Lafiyayyen batir volt 12.6 yake nunawa a mita in injin a kashe yake.

Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in injin na aiki, ta fi ba ni tsoro, don ita a tsakiyar hanya take yasar da mutum. An tura mota ta tashi, amma fitilar batir tana nan ja, can gaba motar ta mutu. A auna batir injin na aiki: in bai kai volt 13.5 ba, altaneta ba ta caji. Kafin ka zuba kuɗi a sabon batir, sa mai waya ya taɓa fambel, bel ɗin da ke juya altaneta, wataƙila shi ne ya saki.