Cibiya, shagon oga ko jari: ina ya kamata kuɗin koyon sana'a su tafi?

Yaro ya gama sakandare, ya shekara biyu yana zaman majalisa, kai kuma ka tara 'yan kuɗi kana so ka ɗora shi a kan hanya. Ko ka biya masa cibiyar koyon sana'a, ko ka kai shi shagon wani oga, ko ka damƙa masa jari, ko ka tura shi irin bitar nan ta kwana uku da ake tashi da satifiket da shinkafa a roba. Duk an gwada hanyoyin nan kamar yadda ake gwada magani: a tara matasa masu nema, a yi ƙuri'a, wasu su samu wasu su rasa, sannan a bi sawunsu shekaru a ga wa ya fi wani.

Labarin farko mai sanyaya gwiwa ne. A 2017 David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje daga ƙasashe masu tasowa, ya tarar cikin mutum 100 da aka ba horon sana'a, waɗanda horon ne ya samar musu aiki ba su kai uku ba. Sauran, ko dai dama za su samu, ko har yanzu suna zaune. Kuɗin horar da mutum ɗaya kuwa yakan kai dala 1,000 zuwa 2,000. Don haka idan mai cibiya ya ce maka yawancin ɗalibansa suna aiki, tambaye shi wane aiki. Wanda ya koyi wayarin ya koma tuƙa adaidaita, shi ma a lissafinsu yana aiki.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Yuganda, masu bincike tare da BRAC, wata ƙungiyar raya al'umma mai zaman kanta, sun kara hanyoyi biyu gaba da gaba: wata shida a cibiya ana koyon walda, kanikanci, ɗinki, gyaran gashi da makamantansu, ko wata shida a ƙaramin shago inda aka biya maigida ya koyar. Yaran shago ne suka fara samun abin yi, sai dai tafiya ta yi tafiya ribarsu ta dusashe. 'Yan cibiya suka yi ta hawa, samunsu ya ɗara na waɗanda ba a horar ba da kusan kashi 34 cikin ɗari. Sirrin yana cikin takardar shaida. Yaron shago, ogansa kaɗai ya san hannunsa. Ranar da suka ɓata ko shagon ya rufe, sai ya koma kamar baƙo a kasuwa. Mai takarda kuwa yana iya nuna ta ga wanda bai taɓa ganinsa ba.

Wannan bai kashe shagon oga ba, ya dai nuna cewa zaɓen ogan shi ne rabin aikin. Da aka bi matasan shirin koyon sana'a na gwamnatin Gana, an ga da yawa sun bar aikin albashi sun koma cin gashin kansu, kuma a farko samunsu ma raguwa ya yi. Waɗanda suka faɗa hannun ogannin da suka daɗe a sana'a ko suke da ciniki sosai, su ne suka fi samu.

Jari fa? A 2008 an raba wa ƙungiyoyin matasa a arewacin Yuganda kuɗin da ya kama kusan dala 400 kowane mutum. Bayan shekara huɗu samunsu ya fi na sauran da kashi 38 cikin ɗari. Bayan shekara tara sauran sun kamo su. Jari yana rage nisan hanya, ga wanda ya riga ya san inda za shi. Haka YouWiN, gasar tsarin kasuwanci da gwamnati ta fara a Najeriya a 2011: ya samar da ayyuka sosai, amma a matsakaici kowane mai nasara ya samu kusan dala 50,000 ne, bayan an tace shi cikin masu nema kusan 24,000. Kada a auna shi da keken ɗinki ɗaya da ake miƙawa a gaban kyamara.

Gajeriyar bita ba zan ɓata mata lokaci ba, in dai yaron bai da sana'a tukuna. Wadda ta yi tasiri a Lome ta ƙasar Togo, ta ɗaga riba da kashi 30 cikin ɗari, masu kasuwanci tuni aka yi wa ita, kuma malaman sun yi ta bin su shago wata da watanni.

Da ni ne, zan haɗa biyu: oga mai ciniki, sannan yaron ya zauna jarrabawar gwajin sana'a (Trade Test) ta Ma'aikatar Ƙwadago ko ta NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, don ya samu takardar shaida, jarin ya jira ranar yaye. Kafin ka biya ko sisi, je wurin da hantsi ranar aiki, ba tare da ka sanar ba. Duba injin nawa ne ke aiki, yara nawa ke layi a kan kowane ɗaya, kuma wanda ya shekara a wurin, ƙarfe yake haɗawa ko har yanzu shi ake aike sayo shayi. Sannan ka nemi a haɗa ka da mutum uku da aka yaye bara, ka je ka same su inda suke.