Sharhi: kwana huɗu a jirgin ruwa na kogin Nilu da yara, daga Luksor zuwa Aswan

Tafiyar ta biya kuɗinta, amma kada a yaudare ku da cewa jirgin na yara ne. Yawancin jiragen da ke bin wannan hanya a Masar don manya aka tsara su. Abin da yaro zai samu a ciki shi ne ɗan wurin ninkaya a saman bene, sau da yawa ba mai tsaro, sai daren da kowa ke saka jallabiya. Idon uwa ko uba kada ya bar yaro a saman nan.

A waje daɗin yake. Kom Ombo ya fi ko'ina kama hankalin yara, saboda gidan tarihin da ke kusa da tsohon haikalin garin, inda aka jera gawarwakin kadojin da mutanen dā suka adana. A Esna kuwa jirgi ke shiga tsakanin ƙofofi biyu, a cika ruwa ya ɗaga shi sama, 'yan talla a kwale-kwale suna wurgo tawul da riguna. Haikalin garin Edfu da keken doki ake zuwa. A daidaita kuɗi kafin a hau.

Kwarin Sarakuna, maƙabartar sarakunan Masar na dā kusa da Luksor, sai an yi shiri. Tikiti ɗaya kaburbura uku yake shigarwa, na sarki Tutankamun da aka gano a 1922 kuɗinsa daban. Akwai gangara da zafi a ciki, yaro ɗan ƙasa da shekara shida zai gaji tun a na biyu. Haikalin Abu Simbel ma ban ba mai ƙananan yara shawarar zuwa ba: tashin asuba ne, ga tafiyar mota ta sama da awa uku daga Aswan.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne tsayuwar dare. Jirage kan jeru gefe da gefe, tagarka ta kalli tagar wani, ga ƙarar janareto. A nemi ɗaki a benen sama, nesa da injin.

Abinci halal ne kuma wadatacce, amma abin sha da tukwicin ma'aikata ba sa cikin kuɗin. Akwai mashaya da daren rawa, sai a tambayi lokacinsa a janye yara. Ruwan gora kawai za a sha, a riƙe maganin gudawa. A je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don da bazara zafin Aswan kan wuce digiri 40.