Netplan a Ubuntu: yadda na same shi wajen kafa hanyar netwok mai ɗorewa

Duk mai kula da saba ta Linux ya san umarnin `ip route add`. Kana buga shi, nan take injin ya san ta ina zai bi ya isa wani netwok. Sai dai hanyar a ƙwaƙwalwa kawai take zama, ba a rubuta ta a ko'ina. Injin na mutuwa ya tashi, ta tafi. Inda ake ɗauke wuta kafin janareto ya kama, batirin UPS kuma ya gaji, kusan kullum sai an sake buga ta da hannu.

Ofishin da nake kula wa da netwok yana da reshe a wani gari, an haɗa su ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet, a kan rauta ta biyu. Intanet ta 192.168.1.1 take fita, amma duk abin da zai je netwok ɗin reshen, 10.20.0.0/16, dole ya bi ta 192.168.1.254. Sabar Ubuntu 22.04 ce, don haka Netplan ne ke riƙe da saitin, kamar yadda yake tun Ubuntu 17.10. Da can a /etc/network/interfaces muke liƙa layin `up ip route add`. Yanzu fayil ɗin YAML, wani tsarin rubuta saiti, ake buɗewa a /etc/netplan, a ƙarƙashin katin netwok a rubuta `routes:`, sannan `to: 10.20.0.0/16` da `via: 192.168.1.254`. Netplan da kansa ba ya tafiyar da netwok. Yana mayar da rubutun ne zuwa saitin systemd-networkd a saba, ko na NetworkManager a kwamfutar tebur, manhajojin da ke tafiyar da netwok ɗin. In kana son ganin abin da ya haifar, leƙa /run/systemd/network.

Abin da ya sa na yarda da shi shi ne `netplan try`. Ka ɗauka kana gida, ka shiga sabar ta SSH, hanyar shiga inji daga nesa, za ka taɓa hanyar da kai kanka kake bi ka shigo. Kuskure ɗaya a adireshin ƙofar fita, ka rufe kanka a waje, sai dai ka hau babur ka je ofis ka jona allo da madannai. Wannan umarnin yana saka sabon saitin ya fara ƙirga daƙiƙa 120. In ka danna Enter, ya tabbata. In layin ya yanke ba ka danna ba, sai ya koma kan tsohon da kansa, ka sake shiga lafiya. A kan katin netwok guda bai taɓa ba ni kunya ba. Amma in an haɗe katuna biyu ko an yi gada mai saiti na musamman, yakan gaya maka ba zai iya mayarwa ba, ya ƙi yi. Gara hakan da ya yi shiru.

YAML kuwa ba shi da sassauci. Ba ya karɓar Tab ko kaɗan wajen tazarar farkon layi, kuma tazara ɗaya ta zame, `routes:` ta faɗa ƙarƙashin abin da ba nata ba. Yana nuna lambar layin da ya karye, amma mai koyo zai sha kallo kafin ya gano. Sannan misalai da yawa a intanet har yanzu `gateway4` suke koyarwa wajen saita ƙofar fita, alhali a 22.04 gargaɗi yake fitarwa, ana so a rubuta `to: default` a cikin `routes:`. Sababbin sigogi kuma suna ƙorafi in fayil ɗin a buɗe yake ga kowa. Umarnin `chmod 600` ke kashe maganar.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne 50-cloud-init.yaml. Cloud-init, manhajar da ke saita injin yayin tashinsa, ne ke rubuta shi, kuma yana iya sake rubutawa ya shafe gyaranka. Ni ba na taɓa shi, nakan buɗe sabon fayil mai lamba mafi girma, kamar 60-reshe.yaml, tunda Netplan yana karanta su bi da bi yana haɗawa.

A Windows layi ɗaya ne: `route -p add 10.20.0.0 mask 255.255.0.0 192.168.1.254`, harafin p ɗin ya adana ta a rajista, ma'ajiyar saitin Windows. Ya fi sauri, babu musu. Amma wanda zai gaje ka ba zai san da ita ba sai ya buga `route print`, yayin da fayil ɗin Netplan ana iya karanta shi, a sa bayani da alamar # a kwafe shi zuwa wata saba. Ga mai kula da injin daga nesa, Netplan na fi so. Bayan `netplan apply` dai, ka sake kunna injin da gangan tun kana kusa, ka buga `ip route get 10.20.0.5` ka ga ko ta 192.168.1.254 ya bi.